Igiyar Akuya a Ƙafar Ɗiyata

'Yan'uwa, salama gare ku cikin sunan Yesu Mai Ceto.

Kun ga wannan tsohuwar igiya a hannuna? Ta akuya ce, kuma da ita na taɓa ɗaure ɗiyata Saratu. Yau zan faɗa da bakina, kowa ya ji.

Ni Ayuba manomi ne, karatuna bai wuce aji uku a lakwal ba. A da can muna zaune a wani ƙauye kusa da Urafan. Saratu ce ta uku cikin 'ya'yana, kuma tun da ta fara tafiya ba ta san zama ba. Ka aike ta gishiri, ta dawo maka da fara a hannu, ta manta abin da ya fitar da ita. Malaminsu ya koro ta daga lakwal, wai tana hana yara karatu. Maƙwabta suka ce iska ce. A majami'a kuwa sai ta yi ta rarrafe ƙarƙashin benci ana tsakiyar wa'azi, har dattijon ikilisiya ya ja ni gefe ya ce, "Ayuba, ka riƙa barin ta gida ran Lahadi, sai ta natsu." Na ce to. Kunyar mutane ta fi mini ɗiyata, ba zan ɓoye muku ba.

Na buge ta har hannuna ya gaji. Addu'ata kullum guda ce: ya Ubangiji, ka sa yarinyar nan ta zauna wuri ɗaya.

Sai fari ya zo, wancan na zamanin mulkin soja, da gero ya ƙone tun bai fid da kai ba. Awakinmu suka mutu ɗaya bayan ɗaya, turke ya rage a gindin aduwa da igiyarsa. Wata rana Saratu, tana shekara bakwai, ta shigo a guje ta yi karo da ƙwaryar dawar agaji. Abincinmu na kwana biyu ya zube cikin rairayi. Na kama ƙafarta na ɗaure a turke. Uwarta ta ce, "Maigida, mutum ce fa!" Na ce ta rufe mini baki. Daga nan duk za mu fita, sai igiya.

Ranar rabon hatsi a Urafan muka fita da sassafe ni da uwarta, yayyenta kuma suka shiga daji neman ganye. Na ɗaure ta a inuwar aduwa, na ajiye mata ruwa, ina cewa kafin hantsi mun dawo. Layi ya yi tsawo, sojoji na tsaye a kanmu, wanda ya fita ya rasa wurinsa. Sai da rana ta karkata muka samu. Ban tuna cewa inuwa tana tashi ba.

Muka iske ta kwance cikin rana, ƙwaryar ruwa a kife, leɓɓanta sun tsage. Na kira, "Saratu!" Ko yatsa ba ta motsa ba. Wayyo 'yan'uwa! Ga abin da na daɗe ina roƙo a gabana. Ta zauna wuri ɗaya.

Maƙwabcinmu Malam Isufu, Musulmi ne, bai tambaye ni komai ba, ya ɗaura wa jakinsa amalanke muka nufi gidan likita. A kan amalanken nan na fashe da kuka, na ce, "Yesu, na janye addu'ata! Ka gafarta mini. Ka maido mini ita yadda ka yi ta, ko da za ta fasa kowane tulu a gidana."

Majo, babban ma'aikacin likitar, ya sa mata ƙarin ruwa. Ya dubi sawun igiya a ƙafarta, ya dube ni.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne."

"Me ta yi maka?"

Na faɗa masa duka. Ya girgiza kai ya ce, "Akwai yaran da haka aka haife su. Hankalinsu ba ya daɗewa kan abu guda, jikinsu ba ya jure zama. Babu iska a nan, babu rashin kunya, kuma duka ba ya maganinsa. Ka dube ta ido da ido, ka ba ta aiki ɗaya tak. In ta gama ka yaba mata, sannan ka ba ta wani. Ka bar ta ta motsa."

Yana cikin magana sai ƙafar nan mai rauni ta shuri kwanon da ke bakin gado, ya faɗi ƙwal! Na yi ta ihun Halleluya har majo ya kore ni waje.

Da ta ji sauƙi na riƙo hannunta ran Lahadi muka nufi majami'a. Dattijo ya tare mu a ƙofa: "Ayuba, ba mun yi magana ba?" Na ce, "Mun yi, Baba, kuma zunubi na yi da na amsa. In ba ta shiga ba, ni ma ba zan shiga ba." Ya kauce. Na ba ta aikin raba littattafan waƙa, ta zagaye majami'ar sau uku tana murna.

Halinta bai canza ba. Har yau tana manta tukunya a wuta, ga ta nan tana dariya. Ni ne Ubangiji ya warkar.

Ga dalilin da ya sa na tono igiyar nan. Jikana Dauda, ɗan Saratu, ga shi can ƙarƙashin benci. Lahadin da ta wuce na ji ana ce wa uwarsa ta riƙa barin shi gida. Ba zan kama suna ba. Amma ku ji ni da kyau: muddin ina numfashi, ba za a bar shi gida ba! Wanda motsinsa ya dama, ya zo ya ga tabon da ke ƙafar uwarsa.

Na gode wa Yesu da bai bar ni na binne ɗiyata ba. Mai irin wannan yaro, kai shi likita, ka dogara ga Wanda ya yi shi, ka kawo shi nan tare da kai.

Saratu, kada ki jawo Dauda. Bar shi, gidan Ubansa ne. Amin!