Tagar da ke Tsakiyar Allo

Zulaihatu: Salamu alaikum. Halo? Malama Mukarrama?

Mukarrama: Wa'alaikumus salam. Wa ke magana? Ɗaga murya, ina shagon kafinta a Maƙarfi. Saminu, don Allah tsai da zarton nan!

Zulaihatu: Zulaihatu ce, ta Kurmin Kogi. Matar Inuwa.

Mukarrama: A'a! Zulai? Yau ke da kanki? Ina wuni?

Zulaihatu: Lafiya lau, Malama. Ina gajiya?

Mukarrama: Ba gajiya. Ya ruwa?

Zulaihatu: Ruwa ya yi gyara. Ya maigida da yara?

Mukarrama: Duk lafiya. Ya Baffa Ya'u da ƙafarsa?

Zulaihatu: Da sauƙi. Ga shi can gindin darbejiya yana tufka igiya.

Mukarrama: Madalla. Ya mutumina Ukasha?

Zulaihatu: To... alhamdu lillahi. Ya aiki?

Mukarrama: Aiki da godiya. Na ce ya Ukasha?

Zulaihatu: Ɗan Goggo yana nan.

Mukarrama: Yana nan ba lafiya lau ba ce. Kukan wa nake ji a bayanki?

Zulaihatu: Shi ne. Yau kwana uku ke nan. Ko kunu ya ƙi karɓa, sai ya dinga buga ƙeya a jikin kujerar da kika sa aka ƙera masa.

Mukarrama: Kwana uku! Innalillahi. To me ya ce a allonsa na hotuna? Ba ni kakarsa, Goggo Lantana.

Zulaihatu: Goggo ba ta nan. Ta tafi Kudan tun Laraba, 'yarta Sadiya ta haihu.

Mukarrama: Ta tafi gudan me?

Zulaihatu: Kudan! Kudan! Wankan jego.

Mukarrama: Layin nan naku sai addu'a. Koma kusa da rumbu, nan ne kawai ake ji. Yawwa. Wankan jego kuwa kwana arba'in ne. Wa ke riƙe masa allon?

Zulaihatu: Yana rataye a ɗakin Goggo. Na sa masa leda don ƙura.

Mukarrama: Leda! Zulai, bakin yaron ne kika rataye a ƙusa kika sa wa leda. Tun da ya faɗo daga babur ɗin nan kansa ya bugu, shekara biyu ke nan, ba harshe, ba hannu. Ido kaɗai Allah Ya bar masa yake magana da shi, hankalinsa kuma garau. Wata huɗu muka yi ni da Goggo kafin ya iya kallon hoto ya ce ruwa yake so.

Zulaihatu: Na sani. Shi ya sa na kira. Na ce ko za ki biya Kudan ki roƙi Goggo ta dawo, ko ke ki zo.

Mukarrama: Ba zan roƙe ta ba. Ita ma Sadiya 'yarta ce, ga ɗanyen jego. Ni kuwa yara uku ke jiran kujerunsu a nan, kuma an ce ruwa ya cinye hanyarku, ko babur ba ya wucewa. Sai Talata in Allah Ya yarda. Yaro ba zai kai Talata ba ci ba sha ba. Ina Inuwa?

Zulaihatu: Yana gonar barkono, sai magariba. Shi ma ya gwada jiya, ya ce ba ya gane komai, idon yaron yawo kawai yake yi.

Mukarrama: Inuwa ba shi da haƙurin jiran tafasar shayi, balle ido. Ɗauko allon.

Zulaihatu: Ni?

Mukarrama: A'a, ni. Zan miƙo hannu ta cikin waya.

Zulaihatu: Malama, kin san fa ɗan fari ne.

Mukarrama: Na sani sarai. Shekara biyu ina zuwa gidanku, ban taɓa jin sunansa a bakinki ba. In na shigo sai ki faɗa madafi, ki ce wuta za ta mutu.

Zulaihatu: Haka muka taso. Allon nan taga ce a tsakiyarsa, sai mutum ya sa fuskarsa a ciki ya ƙura wa yaro ido. Ni in ƙura masa ido a tsakar gida? Ga Baffa, ga matan yayyen Inuwa suna sussuka. Gobe a rijiya za a ce Zulai ta zubar da kunya, tana zaune tana kallon ɗanta kamar madubi.

Mukarrama: To shigar da shi ɗaki.

Zulaihatu: Kujerar ba ta ɗaukuwa sai mutum biyu. Kuma ɗakin duhu, ba zan ga idonsa ba. Waya ma ba ta kamawa a ciki.

Mukarrama: Shi ke nan, tsakar gidan ce. Saurara, Zulai. Ni ma 'yar fari ce. Har Inna ta koma ga Allah "ke wannan" take ce mini, kuma ban taɓa jin haushi ba, na san tana sona. Amma ni ina da baki. In ƙaya ta soke ni, unguwa duka sai ta ji. Waɗanda suka kafa kunyar nan sun kafa ta ne a kan yaro mai ƙafa da baki, wanda zai ruga wurin kakarsa ya faɗi damuwarsa. Naki zai ruga ina?

Zulaihatu: Malama, ni dai...

Mukarrama: Halo? Kin tafi?

Zulaihatu: Ina nan. Ba na barci, Malama. In kowa ya kwanta ina jin numfashinsa ta bango. Wallahi zuciyata kamar ta tsage.

Mukarrama: Na yarda. To tashi. Cusa wayar cikin ɗankwali ta manne da kunnenki, hannu biyu nake so.

Zulaihatu: Bari in... To. Na ɗauko. Na cire ledar.

Mukarrama: Jawo turmi ki kifa, ki zauna dab da shi, fuskarki daidai tasa. Hotunan su kalle shi, ke ki leƙo ta tagar.

Zulaihatu: Matan sun daina sussuka.

Mukarrama: Hannunsu ya gaji ne. Me kike gani?

Zulaihatu: Ya yi shiru. Yana... wayyo, yana kallona.

Mukarrama: Ai dole, baƙuwa ya yi. Ce masa, nuna mini. Kada ki yi gaggawa. Ki ƙirga goma a zuci, idonsa yakan yi yawo kafin ya sauka. Inda ya tsaya ya daɗe, nan ne maganar.

Zulaihatu: Nuna mini. Nuna mini, ka ji? ... Ya kalli kofi. A'a, ya wuce. Ya wuce kwano. Ya tsaya a sama, wurin jan nan mai kama da wuta.

Mukarrama: Ciwo ke nan. Tambaye shi, ciwo ne? In ya ɗaga ido sama, e. In ya runtse, a'a.

Zulaihatu: Ciwo ne? ... Ya ɗaga! Malama, ya ɗaga ido!

Mukarrama: To me kika ɗauka, da wasa muke yi? Juya allon, akwai zanen mutum a baya, an raba shi: kai, ciki, hannu, ƙafa.

Zulaihatu: Na juya. Yana kallon ciki... Ciki ne? Ya runtse. Ba ciki ba ne. Mu kuwa jiƙo muke ta ɗura masa tun shekaranjiya!

Mukarrama: Allah Sarki. Sake jira.

Zulaihatu: Ƙasa yake kallo. Ƙafa. Ƙafa ce? E, ya ce e.

Mukarrama: Ajiye allon a cinyarki. Duba maɗaurin da ke riƙe idon sawunsa a jikin katakon. Wa ke ɗaure shi da safe tun da Goggo ta tafi?

Zulaihatu: Babansa.

Mukarrama: Yatsunki biyu za su shiga tsakanin maɗaurin da fata?

Zulaihatu: Ko ɗaya ba ya shiga.

Mukarrama: Na faɗa! Ya ɗaure yaro kamar buhun barkono a bayan babur. Kwance. Cire safar a hankali.

Zulaihatu: Safar ta manne... Subhanallahi! Fatar ta saluɓe, Malama. Ta hagu. Ja wur, har da ruwa-ruwa.

Mukarrama: Wa ke masa wanka bai gani ba?

Zulaihatu: Babansa ke goge masa jiki da asuba, cikin duhu. Safar kuma ba a cirewa saboda sanyi.

Mukarrama: Akwai mugunya? Yana wari? Taɓa wuyansa, da zafi?

Zulaihatu: Ba wari. Jikin ma ba zafi sosai.

Mukarrama: Alhamdu lillahi, mun tare shi da wuri. Tafasa ruwa da ɗan gishiri, ya huce, ki wanke da tsumma mai tsabta. Ban da toka, ban da man goge baki, ban da duk abin da matan sussuka za su kawo miki. Kada a sake ɗaure ƙafar nan sai na zo, ki tokare ta da matashi. Kada ya wuce awa biyu a kujera, a sauke shi ya kwanta ta gefe. In kin ga zazzaɓi ko kumburi ya hau sama, ko a kafaɗa ne Inuwa ya kai shi asibiti a Ikara. Kin ji?

Zulaihatu: Na ji. Ruwan gishiri, matashi, awa biyu.

Mukarrama: Ranar Talata zan zo da maɗauri mai soso. Saminu, ka ji, na Ukasha, mai faɗi! Kuma zan zaunar da Inuwa in koya masa yatsu biyu, ko zai ƙi gaishe ni wata guda. Yanzu maida allon gaba, ki tambaye shi ko akwai saura. Kullum haka ake rufewa, kada a bar shi da magana a ciki.

Zulaihatu: Waya ta yi ƙara, katin ya kusa ƙarewa.

Mukarrama: To yi sauri.

Zulaihatu: Akwai saura? ... Kwano. Yana son abinci! Abinci? E.

Mukarrama: Kin gani? Dama kunu...

Zulaihatu: Tsaya, ya koma wani wuri. Ƙasa, ta dama. Ya ƙi ɗauke ido.

Mukarrama: Wane hoto ne a nan? Goggo?

Zulaihatu: A'a, Goggo tana hagu. Nan ba komai. Fili ne.

Mukarrama: Oho, wurin nan. Goggo ta sha gaya mini yana kallon inda ba hoto, har na rubuta a takardata cewa idonsa na zamewa dama. Bari in tuna, me muka liƙa a nan da farko? Kofi, kwano, buta, tabarma, ciwo, shanu, Goggo... na takwas ɗin... Zulai.

Zulaihatu: Na'am.

Mukarrama: Hotonki ne. Wanda na ɗauke ki kina tankaɗe, kina kare fuska. Aka ce mini ya ɓace, na ce zan wanko wani, na manta. Wannan laifina ne.

Zulaihatu: Bai ɓace ba. Ni na ɓamɓare shi, ran da aka kawo allon. Yana cikin kwallata. Kunya na ji, a ce ga hotona a allon ɗan fari, duk mai shigowa ya gani.

Mukarrama: Shekara ɗaya da rabi ke nan fa. Kullum sai ya kalli wurin.

Zulaihatu: Wayyo Allah na. In ɗauko in mayar?

Mukarrama: Ki mayar anjima. Yanzu ina yake kallo?

Zulaihatu: Wurin... sai ya dawo taga. Wurin, sai taga. Yana ta yi.

Mukarrama: To ba idonsa ke zamewa ba, takardata ce ta yi ƙarya. Kiranki yake yi. Allon nan ba shi da wata hanyar cewa Inna sai wannan.

Zulaihatu: Baffa ya ajiye igiyar. Yana kallonmu.

Mukarrama: Bar shi ya kalla, jikansa ne. Ni dai aikina katako da hoto da maɗauri, na yi. Wannan ba ni da abin da zan ƙera masa. In an kira mutum, me yake yi?

Zulaihatu: Amsawa.

Mukarrama: To.

Zulaihatu: Bakina ya yi nauyi, Malama.

Mukarrama: Nasa ya fi naki nauyi, ga shi yana ta kira.

Zulaihatu: Na'am. ... Na'am, Ukasha. Ga ni. Ga ni nan, Ukasha, na ji ka. Malama, yana dari... bakinsa ya... Uka—

Mukarrama: Halo? Zulai? Halo? ... Kati ya ƙare. A'a, Saminu, ba zan kira ta yanzu ba, ba da ni take magana ba. Tayar da zarton.