Ranar da Na Kama Birki Don Gaida Surukina

'Yan'uwa, salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta tabbata a gare ku. Ni ne Habila, manomin albasa a Watari. Wanda bai san fuskata ba ai ya san jan kekena.

Mu tara ne muke shirin tseren keke na dogon zango. Duk Asabar da sassafe mu bi ta Dawakin Tofa har Dawanau, mu juyo. A layi muke tafiya, taya na bin taya, tazarar ba ta kai kamu guda ba. Dokar ita ce, na gaba in ya ga rami ya nuna, in zai tsaya ya ɗaga hannu ya faɗa da ƙarfi. Shugabanmu Malam Sabo, maƙwabcina ne Musulmi, kullum sai ya maimaita mana wannan.

Ni kuwa ba na ji! Allah ya ba ni ƙafa, sai kaina ya kumbura. Har cewa nake hular kwano ta matsorata ce.

Wata Asabar ina gaba, muna sheƙa gudu, sai na hango Baba Dauda, mahaifin matata, a bakin titi da fartanya a kafaɗa. To ku faɗa mini, wane ɗan mutunci ne zai wuce surukinsa a kan keke? Kafin in yi tunani na damƙe birki don in sauka in durƙusa. Ban ɗaga hannu ba, ban ce uffan ba.

Malam Sabo ne a bayana. Ya daki tayata, ya tashi sama, ya faɗo da ka a kan kwalta. Hularsa ta rabe biyu. Wayyo! Muka yi ta kiran sunansa, ko motsi.

Baba Dauda ya dube ni ya ce, "Wace irin gaisuwa ce wannan, Habila? Da ka wuce abinka, da yamma ka zo gida."

Wata motar hatsi ta kai mu asibiti. Na kasa shiga. Na zube a gindin darbejiya ina kuka, na ce, "Ya Yesu, girman kaina ne ya kayar da bawan Allahn nan. Yana da iyali. Ka tashe shi, ni kuma ka karya wannan taurin kan nawa."

Kafin azahar aka ce ya buɗe ido. Haleluya! Da na shiga, ya dube ni ya ce, "Habila, hannun naka ciwo yake yi ne, da ba ya ɗaguwa?"

Ya karye a kafaɗa. Wata uku ni nake masa ban ruwa a gonarsa. A wajen atisaye kuwa babu mai yarda ya bi bayana, kuma ban ga laifinsu ba. Na sayi hula, na koma can ƙarshen layi, na koyi aikin daga farko. Ko akuya na hango sai na yi shela, har abokai suka fara tsokanata wai sanƙira.

Ranar tsere, Malam Sabo ya zo da sabuwar hula. Na nufi wurina na baya, sai ya riƙe mini keke.

"Shiga gaba," in ji shi. "Ni ne a bayanka."

Jama'a, tun safe har la'asar tayarsa na bin tawa. Mu tara muka tashi, mu tara muka isa, babu wanda ya ƙuje ko gwiwa, kuma ni na ja layin! Ina alfahari da wannan, ba zan ɓoye ba, amma na san wanda ya yi aikin.

Na gode wa Yesu. In kai ma wani ya ji ciwo ta dalilinka har kana jin kunyar haɗa ido da shi, kada ka gudu. Ka durƙusa ka roƙi Ubangiji, ka dogara gare shi. Mutumin da na kayar da hannuna ya sake yarda da ni. Amin.