Ranar da Na Ɗauki Taɓarya

Salamar Yesu Mai Ceto ta tabbata a gare ku, 'yan'uwa.

Ni ne Luka, malamin firamare a nan Keffi. A bakin rijiya kuwa "Luka uwargida" ake ce mini. Na amsa sunan, ga kuma dalili.

Na auri Rifkatu kaina cike da ƙananan littattafan soyayya na kasuwa. A zatona ƙauna ita ce in ce mata idonta ya fi tauraron asuba haske. Ina zaune ina karanta mata, tana dakan dawa tana dariya. A haka ciki biyu suka zube, duka a wata na biyar.

Bara ciki na uku ya kai wata biyar, sai ga jini kuma. Nas ta asibitin mishan ta dube ni ta ce, "Malam, ko turmi ko ɗa. Ba daka, ba ɗaukar tulu."

Mahaifiyata ta iso daga Panda da igiyar boka, wai a ɗaura wa Rifkatu a ƙugu. Ta ce, "Da ciki muka yi noma, wa ya mutu? Iska ce ke bin yarinyar nan."

Na durƙusa bayan ɗaki. Kalmomin zuman nan duk suka gudu daga bakina. Na ce, "Yesu, kai da ka wanke ƙafafun mabiyanka, cire mini kunya, ka bar mana ɗan nan."

Na fito na ce, "Inna, ki gafarce ni, igiyar nan ba za ta taɓa jikinta ba." Na ɗauki taɓarya.

Unguwa ta samu abin kallo. Samari masu sababbin babura sukan tsaya in na ɗauko tulu. Wani ya ce, "Malam, yaushe za a saya maka zane?" Na ce, "Atamfa nake so, kada ka kawo mai araha."

Tafin hannuna ya fashe. Tuwona duk gudaji. Rifkatu tana kwance a tabarma, yau kwaɗayin gauta, gobe kuka ba dalili, tana cewa ta mai da ni abin dariya. Na ce, "Su yi ta yi. Ba cikinsu ba ne."

Jinin ya tsaya. A wata na shida ta kama hannuna ta ɗora a cikinta, na ji shuri. Halleluya!

Inna ba ta yi mini magana ba tun ranar igiya. Washegarin shurin nan da safe ta zo ta fizge taɓaryar. "Kawo, ɓarnar dawa kake yi. Kai dai je rijiya."

Ga 'yar can a bayan kakarta, tana barci. Sunanta Godiya.

Na gode wa Ubangiji. Ɗan'uwa, in matarka na ɗauke da ciki, ka dogara ga Yesu, ka kuma ɗauki tulun. Masu dariya ba za su taya ka haƙa kabari ba. Amin.