Takardar Ƙuri'ar da Na Zo da Ita daga Ƙwanni

Salamu alaikum, mai gabatarwa. Ni ce Hajo daga Illela. Don Allah a gaya mani in na yi laifi.

Na ƙetara iyaka zuwa Ƙwanni wurin yayata, sai na iske mata layi guda suna jefa ƙuri'a, har da matar liman riƙe da tasbaha. Ba wanda ya ce musu uffan. Na kasa rufe baki, don nan wajenmu maza kaɗai ke jefawa.

Yayata ta ba ni takardar ƙuri'ar da ta rage mata bayan ta jefa tata, na ƙulle a bakin zane don ɗiyata ta gani in ta girma. Yanzu an ce 'yan doka na kama mai irinta. In ƙone ta ne? Hannuna ya ƙi.

Maigida bai sani ba. Inna kaɗai na gaya wa, ita ko cewa ta yi: "Kwance in gani."