Biro Biyu a Aljihun Likita

A ɗakin jiran likitan ƙwaƙwalwa, wata mata ta miƙe da katinta za ta fice. Dattijon da ke gefenta ya ce:

"Baiwar Allah, ina zuwa? Ke ce ta gaba."

"Baba, na fasa. An ce likitan nan littattafai yake rubutawa. In zazzage masa cikina, gobe surukaina su karanta ni?"

"Zauna, 'yata. Biro biyu ne a aljihunsa, shuɗi na asibiti, baƙi na littafi. Shekara uku ina zuwa, bai taɓa cire wa baƙin murfi a gabana ba."

"Ka tabbata?"

"Ni da nake roƙonsa ya sa ni a littafin! Har gishiri na ƙara, na ce na taɓa kokawa da kura. Sai ya ce, 'Baba, kana dai samun barci?'"

Ta tuntsire da dariya. "To me yake rubutawa?"

"Labarin kajin matarsa! Da furfurata, kaza ta fi ni."

Aka kira ta. Ta leƙa ofishin, ta waiwayo tana murmushi.

"Baba, shuɗin ne a hannunsa."

"To shiga. In kin ga baƙin, ki tuna masa da ni."