Ranar da Amawalin Gumur Ya Faɗi Gaban Surukinsa

Assalamu alaikum. Mai martaba sarkinmu, liman da malamai, shugaban makiyayan Abalak, Baba Efad, 'yar'uwata Tekna matar marigayi da yara, jama'a, sannunku da haƙuri.

An ce in yi magana a kan Likita Gumur, likitan dabbobinmu, don ni ne taubashinsa. Ku yafe mini in kun ga ina murmushi, ban iya tuna shi da fuska a murtuke ba.

Ya kasance mutumin da ba ya yarda da ido. Mu a nan, kare ya fara susa, ƙazuwa ce, sai a shafe shi da baƙin man mota. Shi kuwa sai ya kankari fatar, ya ɗora a gilashi, ya leƙa ta madubinsa mai ƙara girman abu. Ya kasance in ya gano ciwo, har raƙuman da ke rijiya sai sun ji ihunsa.

Kun san Tilla, karyar surukinsa Baba Efad, ita kaɗai ta rage a jinsin da kakanninsu suka bari yana tsare musu garke. Hancinta ya yi ɓawo, tafin ƙafarta ya tsattsage. Dattawa suka ce za ta shafa wa sauran karnuka, a kashe ta kafin a tashi zango. Baba ya amince, amma ya daina cin abinci.

Gumur ya kafa madubi a bakin tanti. Ya leƙa, babu ƙwaron ƙazuwa ko ɗaya. Ya ɗebi ruwan wani ƙurji ya sake leƙawa. Jama'a, sai ga likitanmu ya yi tsalle, amawali ya zame, baki a buɗe gaban surukinsa! Mata suka rufe ido. Na ce, "Kai, maras kunya, rufe bakin nan." Ya ce, "Ka rufe mini, hannuna na kan aiki."

To, ta ina mutum zai musa wa surukinsa hukunci? Sai ya durƙusa ya yi wa karyar magana. "Tilla, ki gaya wa mai gidanki ba ƙazuwa ba ce. Sojojin jininki ne suka rikice suna yaƙar fatarki. Ba ki shafa wa kowa, kuma akwai magani."

Baba ya kau da kai, shi ma ya ce da ita, "Tilla, gaya wa wancan yaron in ya yi ƙarya, 'yata zan karɓe."

Ta warke. Yau babu zangon da jikokinta ba sa kore mana dila.

Tekna, mun san rashin ya fi miki nauyi, amma ba ke kaɗai aka yi wa ba. Yara, ku riƙe madubin nan, kada ku sayar.

Baba Efad kuwa jiya ya kira ni. Ya ce tun daga ranar yake son yi wa mijin 'yarsa godiya, kunyar surukuta ta hana, kullum yana cewa gobe. Baba, ga jama'a sun shaida, na isar. Ka ce kuma in faɗa da sunansa, wanda ba ka taɓa kamawa da bakinka ba: Gumur, an gode.

Mun gode wa duk wanda ya taka ya zo. Allah Ya jiƙan Gumur, Ya saka masa da tausayin da ya yi wa marasa baki, Ya raya abin da ya bari. Amin.