Kwana Takwas da Zuba Kankare

A bakin zauren da ake yi wa injiniyoyi laccar ƙara sani, wani dattijo yana ta safa da marwa. Wata injiniya ta fito shan ruwa, ya tare ta.

"Malama, takardar sa hannu ta fito?"

"Sai an tashi, Yallaɓai."

"Kai! Ni sa hannun kawai ya kawo ni, saboda sabunta lasisi. Shekara talatin ina gini, me za a koya mini?"

"Da ka shiga. Yanzu aka nuna hoton wani rufin kankare da ya rufta. Sabon simintin nan mai haɗin toka ba ya saurin yin ƙarfi, su kuma suka cire katakon da ya tokare rufin da wuri."

"Kwana nawa aka ce a bari?"

"Ashirin da ɗaya."

Ya zaro waya yana latsawa.

"Ɗauka mana, kafinta! Ɗauka!"

"Lafiya, Yallaɓai?"

"Nawa rufin yau kwana takwas da zubawa. Na ce su cire katakon da ƙarfe biyu na rana."

"Saura minti goma. Af, ga takardar ma an fito da ita."

"Bar ta! Ina ake samun mota a nan?"